Kekunan da Yaya Emil Ya Miƙe

A kamfanin kekuna na Varner akwai wata doka da ba manaja ne ya kafa ta ba, kuma ita kaɗai ce ban taɓa ganin an taka ba: ba ka tona asirin wanda aiki ya baro hannunsa ya zo naka. In mai yankan bututu ya yanka ya ɗan zarce, mai liƙi zai goge abinsa ya yi shiru. In mai liƙi ya zuba tagulla ta yi tudu, mai gogewa zai kankare ya yi shiru. Ni Wanda Dudek, da na tsufa a ɗakin ɗaura wa ƙafafun keke waya, Allah kaɗai ya san yawan ɓarnar maza da na gyara da yatsun nan ba su ma sani ba. Haka iyayenmu suka yi tun suna sababbin zuwa ƙasar nan, suna jin turancin shugabannin aiki da ƙyar, don wanda ka kai ƙara ran Talata, da shi za ka zauna benci ɗaya a coci ran Lahadi.

Yayana Emil shi ne ƙarshen layi kafin ɗakin fenti. Jikin keken baƙin ƙarfe ba ya taɓa fitowa daga wuta a miƙe, zafi sai ya ja shi nan ya ja shi can. Emil yana da wani tebur na ƙarfe wanda ƙarti goma ba za su motsa ba. A kansa yake ɗaure jikin keken, ya kanne ido ɗaya ya duba, ya zura doguwar sandarsa ya danna da ƙirji. Ƙarfe akwai haƙuri. Ka lanƙwasa shi ya bi, ya zauna inda ka ajiye shi har jikokinka su hau. Shekara talatin da ɗoriya Emil yana wannan aiki, bai taɓa ce wa mai liƙi ko ɗaya aikinka ya karkace ba, amma a gidan giya ba ya barin kowa ya sha ruwa.

"Ka hau keken Varner a ƙofar coci ka saki hannu," in ji shi, "zai kai ka bakin tafki bai waiwaya ba. Wa ya sa? Ni!"

Ina son yayana, amma taurin kansa ya fi na teburin nan. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Rhonda, tana ƙarama, ni da shi muka yi renonta. Ta ɗauko idonsa, ta ɗauko hannunsa, ta kuma ɗauko bakinsa, shi ya sa cin abinci a gidan nan bai taɓa zama na lafiya ba.

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin duniya ta juya mana baya. Masu shaguna suka fara cewa kekunanmu sun yi nauyi. Nauyin da muke alfahari da shi! Mutum ya shiga shago, ya ɗaga wani keke na alminiyam da yatsa biyu, ya juyo ya ɗaga namu yana nishi, shi ke nan ciniki ya ƙare. Jikokin tsoho Varner, waɗanda ba su taɓa ƙona yatsa a masana'antar ba, suka sauko daga bene suka ce za a rufe sashen ƙarfe. Alminiyam za a koma, kuma mutum kaɗan ake so. Wanda ya iya sabuwar walda ya zauna, saura kowa ya kama gabansa.

Wata Lahadi bayan coci, muna cin tsiran alade da kabeji, Rhonda ta ajiye cokali.

"Baba, na ba da sunana. Zan je Cleveland koyon waldar alminiyam."

"Waldar me?" Emil ya juyo gare ni. "Wanda, kin ji? 'Yata za ta koma ɗinkin gwangwanin giya."

"Gwangwanin giyar nan shi zai ci da mu."

"Abin da ake yin tukunya da shi! Ki sa masa wuta, ko ja ba ya yi. Yana nan fari fat kamar munafuki, sai kawai ki ga ya zube. Ƙarfe kuwa yana gaya miki halin da yake ciki."

"To ya gaya maka an kusa korarka?"

"Ke, Rhonda!" na ce. "Ubanki ne fa."

"Na sani, Goggo. Shi ya sa nake son ɗayanmu ya rage da aiki."

Emil ya ture faranti ya fita baranda. Da na leƙa ta taga sai na gan shi yana murmushi shi kaɗai. Bakin yarinyar ya burge shi, ko da yake da ya faɗa gara ya haɗiye harshensa.

Ta je, ta dawo, ta fi duk mazan da suka je tare. Ni ban san walda ba, amma na san abu mai kyau. Ɗinkinta a kan bututu jere yake reras, ɗaya bisa ɗaya, har mutane daga ofis suna saukowa kallo. Ita ce mace ta farko da ta riƙe wuta a Varner, kuma akwai waɗanda abin ya tsaya musu a wuya. Kowane mai walda yana da harafinsa da yake bugawa a ƙarƙashin keke, wajen da feda ke shiga. Nata R ne. Ran da ta fara buga shi ta zo ɗakinmu ta nuna mini cike da murna. Duk abin da yarinyar nan take so a duniya ke nan: aikin nan, da a ce aikin Rhonda Dudek ba ya da na biyu.

Da aka rufe sashen ƙarfe, sunan Emil yana cikin waɗanda za su tafi. Rhonda ta hau bene wajen manaja, Mista Prescott, ta tsaya kai da fata sai an bar ubanta. Ta ce zaman gida kashe shi zai yi, kuma gaskiya ta faɗa. Aka bar shi, amma aka ba shi tsumma. Aikinsa ya goge jikin keke in ya huce daga tanderu, ya rataye a ƙugiya zuwa ɗakin fenti. A nan kusurwarsa ta da aka ajiye shi, gefen teburinsa, don an rasa yadda za a fitar da teburin. Mutumin da ake kawo masa kofi da safe ana gaishe shi, ya koma mai goge-goge. Na ji masa ciwo har cikin raina.

Injiniyan da aka kawo, Glenn Tolliver, mutumin kirki ne, ba ruwansa. Ya tara mu ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce alminiyam ana miƙe shi ne yana da laushi, da zarar an tsamo shi daga ruwa, kuma akwai masu yin haka a can ciki. In ya shiga tanderu na ƙarshe ya yi tauri, shi ke nan, kada wanda ya ƙara lanƙwasa shi ko da kaurin gashi ne. In an lanƙwasa, ba za a ga komai ba a ranar, amma ciwon yana ciki, wata rana zai tsage ba sallama.

"In kuma ya fito a karkace fa?" Emil ya tambaya daga baya.

"Ɗan abin da ido ke gani ba komai ba ne, Mista Dudek. Mun auna, yana cikin ƙa'ida."

"Ƙa'idar wa?"

Aka yi dariya. Glenn ma ya yi. A wajen Emil kuwa, wannan shi ne injiniya na bakwai ko na takwas da ya gani, kowanne ya zo da nasa kada-a-yi, kowanne ya tafi ya bar shi da sandarsa. Maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Shekarar nan ta yi mana daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Kekuna suna fita, motoci suna layi a ƙofa. Da ranar haihuwar Emil ta zo, Rhonda ta nemi izini ta haɗa masa keke da hannunta, ta bi da shi ta layi kamar kowane keke, aka yi masa fenti shuɗi. Ta tura shi har cikin falo da jan ƙyalle a wuya.

Emil ya zagaya shi, ya ɗaga da hannu ɗaya, ya ƙwanƙwasa bututun da farce.

"Ji ƙara kamar bokiti," ya ce. "Iska ta taso daga tafki sai a tsince ni can ƙetaren ruwa, a Kanada."

"In ba ka so ka ba ni abina, Baba."

"Wa ya ce ba na so? Taɓa shi ki gani."

Ya rataye shi a gareji, ya lulluɓe da tsohon bargo, ya ci gaba da hawan tsohon baƙin kekensa. Amma duk baƙon da ya zo gidan sai an kai shi gareji an ɗaga masa bargo.

Bayan dusar ƙanƙara ta narke, mutane suka fito da kekuna, sai aka fara dawo mana da su. Na farko daga Colorado, ya tsage a baya, dab da walda, inda bututun ke riƙe ƙafa. Aka ce tsautsayi ne. Sai wani, sai wani. Sai labari ya zo cewa wata malamar asibiti a Vermont tana gangarowa daga tudu keke ya rabu biyu a ƙarƙashinta, ta karya ƙashin wuya, haƙoranta na gaba suka zube. Glenn ya jera karyayyun kekunan a ƙasa ya kifa su ɗaya bayan ɗaya. Masu walda shida ne a sashen, amma harafi ɗaya ne a ƙarƙashin kowane keke.

Ba sai na faɗi yadda bakin mutane ya buɗe ba. Waɗanda suka yi shekara suna haɗiye baƙin ciki suka samu abin tauna. A ɗakin cin abinci wani Chet Malek, wanda ko layi bai iya ja a miƙe ba, ya ɗaga murya don in ji.

"Dama an gaya mata wutar nan ba ta girki ba ce."

"Kai kuwa ko ta girkin aka ba ka gidan za ka ƙona," na ce masa. "Ci abincinka, Chet, kafin in tuna wa mutane wanda ya yi shekara goma ana gyara masa ɓarna."

Rhonda ta rame ta lalace. Ta yanka nata ɗinkin da zarto ta duba ciki, ta sake yanka wani, ba ta ga aibu ba. Ta zo gidana ta zauna a kicin, kofi ya huce a gabanta.

"Goggo, na rantse ban san abin da nake yi ba daidai ba. Yadda suke yi haka nake yi. Na ma fi su kula."

"Me ubanki ya ce?"

"Ya ce hassada ce. Wai in kwantar da hankalina, ya san aikina ba ya da aibu."

Aka sa ranar zama a ofishin Mista Prescott. Ni ce wakiliyar ƙungiyar ma'aikata ta ɓangarenmu, saboda haka da ni aka shiga. Prescott yana bayan tebur, Glenn a gefe da karyayyen keke a cinya, Rhonda a tsaye don ta ƙi zama. Glenn ya ce shi har yanzu bai gamsu ba, waldar ta yi masa kyau, a ba shi lokaci. Na ga alamar Prescott zai yarda a mayar da ita wani sashe kafin a gama bincike. Har na fara sakin numfashi.

Sai aka banko ƙofa. Emil ne, da rigar aiki, da sandarsa a hannu, fuska ta yi ja don hawan bene.

"Yaya, fita," na ce. "Ba a kira ka ba."

"Ba sai an kira ni ba. 'Yata ake yi wa sharri ina ƙasa ina goge-goge?" Ya buga gindin sandar a ƙasa. "Ranka ya daɗe, ka dube ni. Tun kana makaranta nake wannan gida. Keken yarinyar nan ba zai yi aibu ba, ni ne shaida. Babu ɗaya da ya wuce fenti a karkace."

"Mista Dudek," in ji Prescott, "ba maganar karkata ake yi ba."

"Maganarta ake yi mana! Keke in ya karye, a karkace ya fita. Na sauran ban sani ba, ba ni da lokacinsu, a hutun cin abinci nake yi, shi kuwa minti nawa ne? Amma duk wanda na kifa na ga R, sai ya hau teburina. Ɗaya bayan ɗaya na miƙe su da hannuna. Ka je ka auna, ko gashi ba za ka samu ba."

Yana faɗa yana buga ƙirji. Ban taɓa ganin sa cike da alfahari kamar lokacin ba, kuma har in mutu ba zan yafe wa idona wannan gani ba.

Glenn ya ajiye keken a hankali. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Bayan tanderu, Mista Dudek?"

"To da yaushe? Ai sai sun huce suke zuwa wajena."

Emil ya dubi wannan ya dubi wancan, yana jiran a ce masa sannu da ƙoƙari. Rhonda ce ta fara magana, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun ranar farko."

"Ba ka gaya mini ba."

"In gaya miki?" Abin ya ba shi mamaki da gaske. "A gidan nan? Yaushe aka fara gaya wa mutum aikinsa ya karkace? Na rufa wa ƙattin banza asiri shekara talatin, sai 'yar cikina zan tona?"

"Ba su karkace ba, Baba."

"Idona ya gani."

"An ce maka kada ka taɓa! A gabana aka faɗa maka!"

"Ƙarfe ne, Rhonda. Ƙarfe in ka..."

"Ba ƙarfe ba ne!"

Nan ta fashe. Na rene ta tun tana rarrafe, ban taɓa jin wannan murya a bakinta ba. Emil ya sunkuyar da kai. Ya dubi karyayyen keken da ke ƙasa, ya dubi daidai wurin da ya tsage, wurin da bakin sandarsa ke kamawa. Na ga lokacin da abin ya shige shi. Sandar ta zame ta faɗi a kan katako, ba wanda ya sunkuya ya ɗauka.

Ni a wautata na ɗauka aƙalla yarinyar ta fita. Na ce wa Prescott to ga shi, waldarta lafiya lau, a wanke ta a gaban kowa. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Wa ya roƙa a bar shi a wurin?" ya ce. "Ubanta ne. Gida ɗaya suke kwana. Kekunanta kaɗai ya taɓa. Ki je ki gaya wa lauyoyin matar Vermont cewa ba ta sani ba, ki ga ko za su yarda."

Na yi faɗa, na buga tebur, Glenn ma ya sa baki. A banza. Kafin a busa tashi daga aiki, an sallami Dudek biyu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutanenmu. Ba wanda ya ce Emil ya yi laifi da ya lanƙwasa kekunan, don da yawansu da su ne a wurin haka za su yi. Laifinsa a wajensu shi ne da ya hau bene ya buɗe baki. Chet ya faɗa a gidan giya, aka kawo mini: da tsohon ya yi shiru, da mace ɗaya kawai za a kora a huta. Da jikokin Varner suka rufe masana'antar gaba ɗaya bayan shekara biyu, suka koma sayo kekuna daga Taiwan suna manna sunansu, sai gari ya samu wanda zai ɗora wa. Alhali kowa ya san tun kafin a dawo da keke ko ɗaya mutanen nan suke zuwa Taiwan suna dawowa.

Rhonda ba ta jira wannan ba. Ta nemi aiki a kamfanonin kekuna biyu, duk labari ya riga ta isa: ita ce mai R. Ta tattara kayanta a bayan mota ta tafi Alabama, wajen masu ƙera jiragen ruwa, inda ba wanda zai kifa abu ya nemi harafinta. Ran tafiyar Emil ya tsaya a baranda. Ta rungume ni, ta shiga mota, ba ta dubi barandar ba. Tana kirana ran Kirsimeti. In na ce ga ubanki, sai ta ce, "Goggo, ana jirana."

Da bazara ta zagayo, ina shara a ƙofar gida da safe, sai na hango shi yana tafe a kan shuɗin keken. Ya cire bargon. Gidansa yana kan tudu, kuma titin da ke gangarowa zuwa tafki ba wasa ba ne, ga motocin kaya suna ratsawa a ƙasa. Na tare shi da tsintsiya a hannu.

"Yaya, ina baƙin kekenka?"

"Yana nan."

"To me ya sa ka hau wannan?"

Ya shafa bututun da babban yatsa. Ya tsufa a shekara ɗaya fiye da yadda ya tsufa a goma. Na riga na san amsar abin da zan tambaya.

"Emil. Wannan ma ya hau teburinka?"

"Shi na fi ba lokaci," ya ce. "Nawa ne ai. Na so ya fi kowanne miƙewa."

"Sauka. Don girman Allah sauka, in kira Glenn ya duba shi."

"Ba abin da zai gani. Shi da kansa ya faɗa, ba a gani." Ya sa ƙafa a feda. "Ita ta yi mini shi, Wanda. Shi kaɗai ya rage."

Na riƙe masa hannun keken, ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar yadda yake yi mini muna yara. Na zage shi, na kira shi tsohon banza mai taurin kai, na ce zan gaya wa Rhonda. Ya ce in gaya mata. Na kuwa gaya mata. A wayar sai ta ce, "Ki ce masa ya sauka," ta ajiye. Na kai masa saƙon. Ya tambaye ni ko ita ta ce da bakinta, na ce eh. Ya ce to ta kira shi ta faɗa masa.

Ba ta kira ba. Kullum da safe yana wucewa ta ƙofata, ya gangara tudun nan a kan shuɗin keke, tafiya sambal ba karkata. Ni kuma in tsaya da tsintsiya a hannu, ba na iya shara, ina kasa kunne har sai ya kai ƙasa.